Sarki Ba Ya Waƙa

Wata rana bayan la'asar na zauna a kan benci a farfajiyar wata makaranta a Zinder, ina kallon samari da ƴan mata suna gwajin wasan da za su nuna ƙarshen shekara. Labarin fada ne, na zamanin yaƙin doki. Aka zo wurin da manzo zai shigo ya faɗi gaban sarki ya ce an karya runduna, kuma ɗan sarki na cikin waɗanda ba su dawo ba. Yaron da ya fito a sarki dogo ne, Allah ya ba shi murya. Manzo na rufe baki sai ya miƙe zumbur daga karaga, ya dafe ƙirji, ya tako bakin dandamali ya ja waƙar baƙin ciki wadda shi da kansa ya tsara. Ta yi daɗi ƙwarai, har ƴan matan da ke gefe suka soma tafi.

Mai koyar da su wani tsohon malamin makaranta ne da ya yi teyatur tun zamanin samariya. Ya bar yaron ya kai ƙarshen baitin farko, sannan ya ɗaga hannu.

"Ɗana, ka taɓa zuwa fada?"

"Na sha zuwa, Baba. Kowace salla ina bakin ƙofa."

"To ka taɓa ganin Mai Martaba ya buɗe baki yana waƙa?"

Yaro ya sunkuyar da kai.

"Koma ka zauna. Waƙarka ta yi kyau, ba za mu yar da ita ba. Makaɗi zai yi ta, kai kuma a yi maka."

Na daɗe ina juya wannan magana a raina, don a ganina duk wanda zai fito a wani mutum cikin wasa mai kiɗa da waƙa a ƙasar Hausa, daga nan ya kamata ya soma. Kafin ya damu da kyan muryarsa ko iya takunsa, ya fara sanin ina mutumin nan yake tsaye da waƙa: shi ke yin ta, ko shi ake yi wa, ko kuwa da shi ake a cikinta ba a ambaci sunansa ba.

Irin wannan wasa ba baƙo ba ne a Damagaram. Bayan da Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, an farfaɗo da samariya unguwa-unguwa, aka kuma riƙa yin bikin matasa na ƙasa da ke zagaya manyan garuruwa, inda jihohi ke gasar teyatur da waƙa da abin da muke kira bale. Bale labari ne da ake bayarwa da rawa da kiɗa da amshi, magana kaɗan ce a cikinsa, wani lokaci ma babu. A shekarun nan ne ƙungiyar gidan rediyon Zinder ta yi tashe, Yazi Dogo na cikin waɗanda suka ɗaga ta. Wata Ba'amurkiya, Janet Beik, ta zauna da ƙungiyoyin wasan Hausa na Nijar, littafinta ya fito a 1987, kuma babban abin da ta lura da shi shi ne ba a rubuta wa ƴan wasa maganganunsu. A kan yarda da ƙashin labari, kowa ya san wanda zai fito a shi, sauran kuma ya ciro daga cikinsa. Wanda aka yi wa haka ba shi da takardar da zai fake a bayanta. In bai san mutumin ba, tun a jimlar farko ƴan kallo za su gane.

Tunanin da ya sa yaron nan ya miƙe yana waƙa daga nesa ya zo. A Amurka, tun wasan Oklahoma! na Rodgers da Hammerstein a 1943, ƙa'idar da ta kafu ita ce idan abin da ke zuciyar mutum ya fi ƙarfin magana sai ya rera shi, ko sarki ne ko bara. Finafinan Indiya sun kawo mana irin nasu, finafinan Kano suka ɗauka suka yaɗa, har ya zama yaro ya tashi da ganin cewa babban tauraro shi ne mai waƙar. Ko a kusa da mu akwai inda hakan ya dace. Duro Ladipo ya fito a Sango cikin Oba Koso, ya kai wasan har Berlin a 1964, yana rawa yana rera waƙa da bakinsa, kuma bai saɓa wa Sangon da Yarabawa suka sani ba. Mu namu tsarin dabam ne. Waƙa a wurinmu sana'a ce mai gidaje da gado, kuma gwargwadon girman mutum gwargwadon yadda yake nesanta bakinsa da ita. Sarki ba ya waƙa, alƙali ba ya yi, attajirin Zango ba ya yi, surukin da aka zo gaisarwa ba ya yi. Duk da haka babu wanda kiɗa ya kewaye kamar sarki. Tambura nasa ne, kakaki nasa ne, algaita na binsa duk inda ya sa gaba.

Wannan ne ya sa fitowa a sarki ta fi kowace wuya, kuma ita aka fi rainawa. Sai a ɗauko mai tsawo, a naɗa masa rawani, a yafa masa alkyabba, a ce ai zama ne kawai. Yaron da na ba da labarinsa ya koma ya zauna, makaɗi ya ɗauki waƙar, sai ga shi ya rasa inda zai sa kansa. Minti huɗu ana rera mutuwar ɗansa, shi kuwa idonsa na yawo, yana gyara zama, yana gyaɗa kai bisa kiɗa kamar wanda ya zo kallo. Tsohon ya sake tsayar da su. Ya ce masa kada ya bi kiɗan da kai, kada ya kalli makaɗin, ya kafa ido a wurin da manzo ya durƙusa ko da manzon ya tashi. Ya ce ya jira har a ambaci sunan yaron da ya mutu, sannan ya ɗaga hannun dama a hankali ya ja amawali ya rufe bakinsa zuwa kan hanci, ya mayar da hannun bisa gwiwa, shi ke nan. Da aka maimaita, farfajiyar ta yi tsit. Na ji tsigar jikina ta tashi, alhali na san yaro ne ɗan makaranta, rawanin ma na aro ne. Abin da ya yi aiki shi ne mun san dalilin da ya sa mai sarauta ke rufe baki. Mun san akwai abin da ba ya so fadawa su gani, sai muka gan shi fiye da in da ya yi kururuwa.

Kuma ba shiru ɗaya ba ne ga kowane sarki. Wanda zai fito a Tanimu, wanda ya yi mulkinsa mai tsawo daga 1851 zuwa 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa aka ƙera igwa a cikin garinsa, zai yi zaman mutumin da bai saba a ce masa a'a ba. Idan ana masa kirari ba ya buƙatar ya nuna ya ji, don a wurinsa gaskiya ake faɗa. Amadu Kuran Daga kuwa, wanda a zamaninsa aka kashe Kyaftin Cazemajou a 1898, aka kuma ci rundunar sarkin a Tirmini a 1899, kirarin da ake masa na tura shi ne zuwa wani wuri da ba komowa. Ɗan wasa mai hankali zai bari a ga nauyin kowace kalmar zuga tana sauka a kafaɗarsa. Amadu Ɗan Basa, wanda Faransawa suka naɗa suka kuma tuɓe a 1906 bisa zargin shirya musu tawaye, shi nasa zaman na mutum ne da ake busa wa kakaki alhali ya san akwai kumandan a bariki da ke iya aiko masa da takarda. Alkyabba ɗaya za a yafa wa ƴan wasan nan uku, amma in suka zauna iri ɗaya an yi hasarar tarihin. André Salifou, ɗan Zinder, ya bar mana abin dogaro a nan: littafinsa na tarihin Damagaram a ƙarni na 19 ya fito a 1971, ya rubuta wasan Tanimoune, kuma daga wani wasan nasa Mahamane Bakabé ya yi fim a kan abin da ya faru a 1906. Bai kamata ɗan wasa ya hau karagar waɗannan mutane bai nemi wanda zai karanta masa ko ya ba shi labarinsu ba.

Haka ma bayin fada. Na sha ganin an fito da bawan sarki yana rawar jiki, yana sosa ƙeya, don a yi dariya. A fadar Damagaram akwai bayin da hakimai ke shakkar haɗa ido da su, kuma bayan tuɓe Ɗan Basa, wani bawan fada, Ballama, aka miƙa wa riƙon gari. Wanda ya san wannan ba zai fito da Ballama yana kyarma ba.

Mutanen Zinder suna da makarantar kwaikwayo tasu tun kafin a gina dandamali, wato wasan kara, inda samari ke fitowa a sarki da fadawansa da manyan gwamnati, da kayan da aka harhaɗa da kara. Inoussa Ousseini ya ɗauke shi a fim a 1980. Abin da nake so ɗan wasan yau ya ɗauka daga wasan kara shi ne tsananin lura. Wanda kake kwaikwayo sananne ne, ƴan kallo sun san tafiyarsa da yadda yake riƙe sanda da yadda yake gyaran murya kafin ya yi magana, wataƙila ma shi kansa yana zaune yana kallonka. Ba ka da damar ƙirƙiro wani "babban mutum" na cikin iska. Dole ka je ka tsaya inda yake wucewa, ka duba ƙafarsa. Na fi yarda da ƙafa a kan fuska. Fuska kowa na iya murtuke ta, amma nisan taku da inda nauyin jiki ke sauka su ke nuna ko mutum ya saba a jira shi ko shi ya saba jira.

To, masu waƙar fa? A nan kuskuren ya juya. Wanda aka ba makaɗi yakan ɗauka shi rediyo ne: a kunna shi ya rera, a kashe ya koma gefe. Alhali makaɗin fada mutum ne mai ciki da iyali da abokan gaba. Duk wanda ya saurari Ma'azu Ɗan Alalo ya san waƙar fada ba yabo kaɗai ba ce, akwai tarihi a ciki, akwai zambo, akwai abin da ake faɗa wa sarki a fakaice wanda waziri ba zai iya faɗa a fili ba. Saboda haka mai fitowa a makaɗi ya tambayi kansa abin da yake nema da wannan waƙa a wannan rana. Doki yake so? Wani ɗan sarki yake son ya tsokana? Tsoro yake ji kada baitin ya yi tsauri a kore shi? A wasan da na kalla, makaɗin da ya karɓi waƙar mutuwar ɗan sarki ya fi kyau da aka tuna masa cewa mamacin ne ke yi masa ɗinkin salla kowace shekara. Nan take muryarsa ta sauya, don yanzu shi ma da nasa rashin.

Lokacin amshi ma wasa ne. Ƴan amshi na karɓa ne don jagora ya numfasa, amma numfashin na ɗan wasa ne, makaɗin da yake fitowa a shi bai tafi hutu ba. A daidai nan ne makaɗi na gaske ke satar kallon fuskar ubangidansa ya ga ko baitin ya shiga, ya yanke shawarar wanda zai biyo baya. Da yawa sukan saki jiki a nan, ido ya mutu, sai baiti ya zagayo su farka.

Waƙar mata ta cikin gida ita ce na fi jin takaicin yadda ake ɓata ta. Mace na daka tana waƙa, sai a sa ta fuskanci ƴan kallo tana murmushi kamar mai tallan sabulu. Matar da ke habaici a bakin turmi ba da jama'a take ba. Da kishiyarta take, wadda ke bayan zana tana tankaɗe, ko da uwar miji da ke ɗaki, kuma duk daɗin abin shi ne in an tambaye ta za ta ce ita waƙarta kawai take yi. Ƴar wasa ta san wa take nufi, ta san ta wane gefe yake, sannan ta ƙi kallon gefen. Taɓarya ce za ta nuna fushin: inda aka kai kalmar da ke da dafi, nan dukan zai ƙara nauyi. Ita kuma wadda ake yi dominta, aikinta irin na sarki ne, ta ji ta yi kamar ba ta ji ba, sai dai rariyar da ke hannunta ta tsaya cak na ɗan lokaci. Amarya ma haka. Ƙawaye ke rera rabuwarta da gida, ita tana lulluɓe, ba a ganin fuskarta sam. Kafaɗa da yatsun ƙafa da yadda ta riƙe hannun babbar ƙawa, da su za ta yi wasan gaba ɗaya.

Akwai wata tsani da harshenmu ya ba mu wadda masu wasan ƙasashen waje ke wahalar nema, wato yadda za a tashi daga magana a shiga waƙa ba tare da an ji wani ɓaraka ba. Mu muna da kirari a tsakani. Wanda ya taɓa zama a filin kokawa, ko a gasar takobin kokawa da ake yi a Nijar tun 1975, ya ga yadda ɗan kokawa ke soma da magana, murya ta ɗaga, kalmomi su soma zuwa a jere bisa numfashi ɗaya, makaɗi ya shigo ƙarƙashinsa, kafin ka ankara an shiga kiɗa. Ɗan kokawa da maharbi da ɗan tauri suna cikin ƴan ƙalilan da al'ada ta yarda su yabi kansu da bakinsu. In labari na buƙatar jarumi ya fitar da abin da ke ransa da ƙarfi, ga ƙofa nan a buɗe. Sai dai a kiyaye, kirarin barde dabam da na mahauci, kuma yarima ba ya yi wa kansa, maroƙi ke yi masa.

Dangane da kirari akwai take. A wurinmu kiɗa na kiran mutum da sunansa. Ko a bori, wanda masu yinsa ba su ɗauke shi wasa ba, kowane iska da kiɗansa da tafiyarsa: Malam Alhaji da tarinsa da doronsa na tsufa, Ɗan Galadima da taƙamarsa da kyautarsa. Mai goge na sauya kiɗa, masu kallo sun san wanda ke tafe. Darasin da ke nan ga ɗan wasa shi ne ya zauna da makaɗi tun farkon gwaji su nemo taken mutumin da zai fito a shi, ya yi ta tafiya a kansa har ya shiga jikinsa. Wanda ya samu takensa, ko bayansa ya juya an san ko wane ne.

Ba ina cewa a hana saurayi da budurwa waƙa a dandamali ba. In labarin na Zinder ta yau ne, ɗan kabu-kabu da ya tashi da waƙoƙin waya a kunnensa zai iya rera wa yarinya baiti a bakin famfo, kuma gaskiya ne, haka yake yi. Matashin Kara-Kara da ke zuba kalmomi bisa kiɗan zamani yana faɗin haushinsa da bakinsa, shi ma gaskiya ne. Abin da ba ya shiga shi ne a ɗauki wannan a ɗora wa budurwar zamanin Sarki Barma Mustafa, wadda ko sunan saurayinta ba ta faɗa. Ita tata soyayyar a dandali take, cikin waƙar gaɗa da ƴan mata ke yi tare, inda mai kalangu zai kira takenta ta fito ta yi taku uku ta koma cikin ƙawaye tana rufe fuska. Wanda ya iya nuna kunya a dandamali ya fi ba ni tausayi da sha'awa a kan wanda ya iya nuna kuka.

Harshe ma a bar shi na gida. Yaranmu sun sha finafinan Kano har in sun hau dandamali bakinsu na juyewa, dattijon Birni ya koma magana kamar ɗan Fagge. Garin nan kuma na Barebari ne da Buzaye da Fulani da Hausawa tun da daɗewa, wasan taubasai da ke tsakaninsu har UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya a 2014. Amma taubashi na tsokanar wanda ya sani ne. In za ka fito a Buzun Zango, ka je ka sha shayi da shi tukuna, ka ga cewa shi ma yana jan tagelmus ya rufe baki a gaban surukinsa, ba karyayyar Hausa kaɗai ce alamarsa ba.

Abin da ya fi damuna a ƴan shekarun nan shi ne kiɗan da ake ɗauka a situdiyo a zo a kunna. Na san dalili, makaɗa na son kuɗi, ƙungiyoyi kuma ba su da shi, na'ura ba ta makara ba ta neman abinci. Amma da aka kunna ta, ɗan wasa ya zama mai bin kiɗa a guje, yana motsa baki bisa muryar da aka riga aka daskarar, ba halin ya ja numfashi inda zuciyar mutumin ta tsaya. A gwajin da na kalla akwai mai kalangu, wani dattijo da ke zaune a kan tabarma gefen dandamali. Na lura ko sau ɗaya bai kalli mai koyarwa ba, idonsa na kan hannun yaron da ke karaga. Da hannun ya soma tashi zuwa amawali sai ya matse kalangun a hammata, sautin ya yi sama ya siranta, ya riƙe shi a nan yana jira. Yaron ya ɗan yi jinkiri fiye da na karon farko, dattijon ya jira shi. Sai da hannun ya koma bisa gwiwa sannan ya saki tsarkiya, ƴan amshi suka shigo.